SHARHI: Idan injin ƙaramin jirgi ya mutu a saman Adar, wa zai ceci waɗanda ke ciki?

Tafiyar Yamai zuwa Tahoua a mota ta kai kusan kilomita 550, wuni guda ke nan idan aka haɗa da shingayen bincike da ramukan hanya. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana cinye ta cikin ƙasa da awa biyu. Daga Tahoua zuwa arewa kuwa, wajen Tillia da Tassara inda aka kafa dokar ta-ɓaci tun watan Maris na 2017, matafiyi yana lissafin lokaci, yana kuma lissafin ko zai isa da ransa. Shi ya sa likitoci da ma'aikatan agaji da sojoji da manyan jami'ai suka fi son bin sama duk lokacin da suka samu hali.

Jiragen UNHAS na Majalisar Ɗinkin Duniya suna sauka a Tahoua. Ƙungiyar SIM tana amfani da ƙananan jirage wajen kai ma'aikatan lafiya asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Rundunar sojin saman Nijar tana da jirage ƙirar Cessna 208 da Amurka ta fara ba ta a 2013. A shekarun fara, irin 2004, jirage ne suka yi ta feshi a kan gonaki da makiyaya. Irin waɗannan jirage suna ratsa saman ƙauyuka kamar na ƙaramar hukumar Affala da ke arewa da birnin Tahoua, inda filin jirgi mafi kusa shi ne na cikin birnin.

To idan wani abu ya lalace a can sama fa? Abin da haɗurran ƙananan jirage a Nijar da Najeriya da sauran ƙasashe suka nuna shi ne, 'yan mintocin da matuƙi ke fama da jirgi a sama su ne aka fi yi wa tanadi, domin akwai horo da ƙa'ida a kansu. Inda aka fi asarar rayuka shi ne wajen shawarar da aka yanke kafin tashi, da kuma jinkirin ceto bayan jirgi ya taɓa ƙasa. A waɗannan wurare biyu, fasinja da manomi da hukuma duk suna da hannu.

Mutuwar inji ba faɗuwar jirgi ba ce

Yawancin mutane sun ɗauka da inji ya tsaya jirgi zai rikito kamar dutse. Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar da ke gudana a kan fiffikensa, aikin inji kuwa jan jirgin gaba. Idan inji ya mutu, matuƙi yana sunkuyar da hancin jirgi kaɗan, nauyin jirgin ya ci gaba da tura shi, ya riƙa gangarowa a hankali yadda shirwa ke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba.

Ɗauki Cessna 172, jirgi mai kujeru huɗu da ake koyon tuƙi da shi a ko'ina a duniya. A duk mita ɗaya da ya gangaro, yana cin kusan mita tara a gaba. Wanda injinsa ya mutu yana mita 1,000 sama da ƙasa yana da kusan kilomita tara da minti huɗu da 'yan kai. Wanda ke mita 3,000 yana da kusan kilomita 27 da minti 13. Wato tazarar da ke tsakanin jirgi da ƙasa ita ce jarin matuƙi. Mai tafiya can sama yana iya waiwayar titin jirgin Tahoua ko wani fili da ya sani, mai bin ƙasa-ƙasa kuwa sai gonar da ke gabansa.

Irin wannan jirgi yana iya taɓa ƙasa da gudun kusan kilomita 90 a awa, gudun da motocin haya ke wucewa kullum a hanyar Ƙonni. Ba banza aka ƙera shi haka ba. Ƙa'idar ƙera jirage masu inji ɗaya ta daɗe tana neman kada mafi ƙarancin gudunsu ya wuce kusan kilomita 113 a awa, don a iya tsira daga saukar dole.

Matakai uku da ake haddacewa

A Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da duk makarantar tuƙi, malami kan rage totur ba zato ya ce wa ɗalibi injinka ya mutu, me za ka yi? Ana maimaita wannan har sai hannu ya riga tunani. Matakan uku ne, kuma jerinsu ba ya sauyawa.

Na farko, riƙe jirgin. Matuƙi zai tsayar da gudun shawagi da littafin jirgin ya ƙayyade, kusan kilomita 120 a awa ga Cessna 172. Zuciya kan raya wa mutum ya ja hancin jirgi sama don ya nisanci ƙasa, kuma kuskuren da ya fi kisa ke nan. Gudu zai ragu, fiffike ya rasa iskar da ke ɗauke da shi, jirgi ya karkace ya rikito.

Na biyu, zaɓi wurin sauka ka nufe shi. Sai bayan nan ake gwada tayar da inji: a sauya tankin mai, a kunna famfo, a duba makunnai. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, mai ne ya ƙare a tanki ɗaya, ko ruwa ya shiga man tun daga durom. Idan wuta ce ta kama inji, a rufe mai gaba ɗaya, ba a sake neman tayar da shi. Idan hayaƙin wayoyi ne a cikin ɗaki, a kashe babban makunnin lantarki.

Na uku, yi magana. Kalmar Mayday da ake faɗa sau uku daga Faransanci ta samo asali, ma'anarta a taimake ni, kuma ana amfani da ita ne idan rai na cikin haɗari. Idan matsalar ba ta kai nan ba sai a ce Pan-pan, daga kalmar nan ta panne da kowane direba a Nijar ya sani. Tashar rediyon gaggawa a duk duniya ita ce 121.5, lambar da ake sa wa na'urar da ke nuna jirgi a allon radar kuma 7700. An bar magana a ƙarshe ne saboda ma'aikacin hasumiya ba zai iya riƙe wa kowa sitiyari ba.

Lokaci mafi muni shi ne jim kaɗan bayan tashi, sa'ad da jirgi bai yi nisa da ƙasa ba. Ana koya wa matuƙin jirgi mai inji ɗaya ya sauka a abin da ke gabansa, ko dama kaɗan ko hagu kaɗan, domin juyawa zuwa titin da ya baro tana cinye tazarar da ba shi da ita. A ranar 21 ga Fabrairun 2021, jirgin sojin saman Najeriya ƙirar King Air 350 ya sanar da matsalar inji bayan ya tashi daga Abuja zuwa Minna, ya juyo, ya faɗi kafin ya kai titin, mutum bakwai suka rasu. Jirgin mai inji biyu ne, matuƙansa horarrun sojoji. Hakan kaɗai ya isa ya nuna ƙarancin lokacin da ake da shi.

Ina za a sauka a ƙasar Adar?

Daga sama ƙasar Adar kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma take. Wanda ya taka ta da ƙafa ya san akwai tuddan marmara, da kwazazzabai, da koramu, da tudun rairayi ta wajen arewa. Busasshiyar korama tana da kyan gani daga sama, amma yashinta yana kama taya, jirgi ya kifa a kan hancinsa. Bakin tabki irin na Tabalak da ya bushe da rani yana iya zama fili mai kyau, da damina kuwa laka ce a ƙarƙashin ɓawon ƙasa. Fako ya fi aminci idan babu manyan duwatsu.

Akwai kuma wani abu da baƙon matuƙi ba zai sani ba. Tun daga aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984, manoman jihar Tahoua sun cika fako da ramukan tassa, da rabin-wata, da jerin duwatsu masu tare ruwa, sun kuma bar gawo da sauran itatuwa suna girma a cikin gonaki. Wannan aiki ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu, duniya ma ta yaba. Sai dai gonar da aka yi wa haka tana karya ƙafar jirgi, kuma ba a hango ramukan sai an kusa. Matuƙin da ke aiki a yankin yana bukatar sanin ƙasar kamar yadda mai amalanke ya san ta.

Hanyar kwalta ta Tahoua zuwa Agadez ma ba tsira ce kai tsaye ba. Faɗin fiffiken Cessna 172 mita 11 ne, ya fi faɗin hanya mai layi biyu, ga manyan motoci, ga ramuka, ga wayoyin lantarki da ba a gani sai an shiga cikinsu.

Sai iska. Ana sauka ne ana fuskantar ta. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, kuma hayaƙin girki ko ƙurar garken shanu suna nuna wa matuƙi inda ta nufa. Jirgin da zai taɓa ƙasa da gudun kilomita 90, idan ya fuskanci iska mai gudun 25 ya koma 65, idan ya ba ta baya ya koma 115. Tunda ƙarfin karo yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninku sau biyu, bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun ya kai ninki uku. Kafin a taɓa ƙasa ana rufe mai, a kashe lantarki, a ɗaure bel tamau, a kuma ɗan buɗe ƙofa don kada ta maƙale.

Hazo ya fi mutuwar inji haɗari

Yawancin ƙananan jirage da ido ake tuƙa su. Matuƙi yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa ya san ko jirginsa a miƙe yake. Ƙa'idar irin wannan tuƙi tana neman a iya hangen kilomita biyar. Idan ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta sauko tsakanin Disamba da Fabrairu, hangen yakan koma ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage su kasa sauka a Kano.

Da ido ya rasa abin kamawa, jiki sai ya fara yi wa mutum ƙarya. Jirgi yana karkacewa, matuƙi yana jin kamar a miƙe yake. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'ura, aka hana su ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na sakan 178, wato ƙasa da minti uku. Maganin da ake koyarwa shi ne mutum ya yarda da na'urorin da ke gabansa ya ƙaryata jikinsa, ya juya a hankali ya koma inda ya fito tun hazon bai rufe shi ba.

Yankin Sahel ya ga wannan. A ranar 14 ga Janairun 1986, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren motoci na Paris zuwa Dakar, ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali bayan duhu ya shiga ga kuma iskar rairayi, mutum biyar suka mutu. A ranar 2 ga Fabrairun 2019 ƙurar da farfela ta tayar ta rufe idon matuƙan jirgin Mataimakin Shugaban Najeriya na lokacin, Yemi Osinbajo, a Kabba, jirgin ya kifa, Allah ya sa kowa ya fita da rai. A ranar 21 ga Mayun 2021 Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum goma suka rasu a Kaduna lokacin da jirginsu ke ƙoƙarin sauka cikin mummunan yanayi.

Zafin bazara shi ma yana da nasa. Filin jirgin Tahoua yana kan tudun da bai kai mita 400 daga teku ba, amma idan zafi ya kai digiri 43 iska tana sirancewa, jirgi ya riƙa aiki kamar yana tashi daga kan dutse mai tsawon kusan mita 1,500. Inji ya rage ƙarfi, gudun tashi ya ƙara tsawo, hawa ya yi nauyi. A irin wannan rana, buhun albasar Galmi da aka cusa wa baƙo a matsayin tsaraba yana iya zama abin da zai hana jirgi tsallake itacen da ke ƙarshen titi. Da farkon damina kuma, bangon ƙurar da ke gaban hadari yana isowa da iskar da ƙaramin jirgi ba ya iya ja da ita.

Darasin Danbaba Suntai

Babu haɗarin ƙaramin jirgi da ya girgiza siyasar arewacin Najeriya kamar na ranar 25 ga Oktoban 2012. Gwamnan Taraba, Danbaba Danfulani Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, shi ne da kansa ya tuƙa Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola tare da wasu hadimansa. Jirgin ya faɗi kafin ya isa filin Yola. Daga cikin abubuwan da rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ta Najeriya ya lissafo akwai cewa matuƙin ba shi da shaidar cancantar tuƙa irin wannan jirgi, da kuma shawarar ci gaba da tuƙin ido bayan faɗuwar rana.

Babu wanda ya mutu nan take. Amma gwamnan ya samu mummunan rauni a kai, aka yi ta jinyarsa a Jamus da Amurka, ya dawo gida a Agustan 2013 bai warke ba, jihar ta faɗa rikicin wane ne ke mulki har wa'adinsa ya ƙare a 2015. Ya rasu a ranar 28 ga Yunin 2017.

A nan gwamna da matuƙi mutum ɗaya ne, don haka babu wanda zai ce masa a'a. A mafi yawan lokuta kuwa mai girma yana kujerar baya, an tsaya gaisuwa da ɗaukar hoto har la'asar sakaliya, sannan a dubi matuƙi a ce lallai yau za a kwana a gida. Matashin matuƙin da ke tsoron rasa aikinsa zai yi wuya ya ce ranka ya daɗe sai gobe. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba a Afirka kaɗai ake yi ba. Masu kallon ƙwallo sun tuna Emiliano Sala, wanda ya mutu a ranar 21 ga Janairun 2019 a hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff cikin jirgi ƙirar Piper Malibu. Masu bincike na Birtaniya sun gano matuƙin ba shi da izinin ɗaukar fasinjan kuɗi ko tuƙin dare, sannan gubar hayaƙin salansa, wadda ba ta da wari ko launi, ta shiga ɗakin jirgin. Na'urar da ke gano wannan guba ba ta kai kuɗin wayar hannu ba. Mutumin da ya shirya tafiyar an ɗaure shi wata 18 a 2021.

Fasinja ma yana da aiki

Wanda zai hau ƙaramin jirgi, ko ɗan ci-ranin da ke Abidjan ko Turai da zai biya kuɗin ɗauko mara lafiya, yana da haƙƙin tambaya. Kamfanin yana da lasisin ɗaukar fasinja? Matuƙin yana da shaidar tuƙi da na'ura? Za a isa kafin magariba? Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sauka da ragowar man minti 30 da rana, 45 da dare. Idan matuƙi ya ce a rage kaya ko a ɗage tafiya, ya kamata a gode masa.

Kafin tashi, fasinja ya nemi a nuna masa yadda ake buɗe ƙofa, da inda abin kashe gobara yake, da maɓallin magana ta rediyo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 10 ga Mayun 2022, matuƙin wani Cessna 208 da ya taso daga Bahamas ya suma a sama. Fasinja mai suna Darren Harrison, wanda bai taɓa koyon tuƙi ba, ya kama sitiyari ya kira hasumiya. Wani ma'aikaci, Robert Morgan, wanda kuma malamin tuƙi ne, ya yi ta ba shi umarni har ya sauke jirgin lafiya a Palm Beach ta jihar Florida. Abin da ya cece su shi ne rediyon da ke aiki da kuma ƙwararren da ke sauraro a ɗaya ɓangaren.

Bayan an taɓa ƙasa

A nan ne yankinmu ya fi rauni. A Afrilun 1933, wani matuƙi Bature mai suna Bill Lancaster ya taso daga Reggane ta Aljeriya zuwa Gao, injinsa ya mutu, ya faɗi a hamada da ransa. Kwana takwas yana zaune a inuwar fiffike yana rubutu yana tsimin ruwa, masu nema suna dubawa a wani wuri daban. Sai a 1962 sojojin Faransa suka tsinci gawarsa da littafinsa.

Yau akwai na'urar ELT da ke kunna kanta idan jirgi ya yi karo, ta aika kururuwa zuwa taurarin ɗan'adam na tsarin Cospas-Sarsat a kan tasha ta 406. Tun 1 ga Fabrairun 2009 taurarin suka daina sauraron tsofaffin na'urori masu amfani da 121.5 kaɗai. Sai dai na'ura tana bukatar batir mai rai da rajista. Lokacin da jirgin Mataimakin Shugaban Malawi, Saulos Chilima, ya faɗi a ranar 10 ga Yunin 2024, sai washegari aka gano shi, kuma masu binciken Jamus sun ce wa'adin batirin na'urar ya ƙare tun 2004.

Ƙa'idar duniya ta ce idan aka yi minti 30 ba a ji ɗuriyar jirgi ba a fara cigiya. Wannan yana aiki ne idan matuƙi ya bar bayanin hanyar da zai bi da lokacin isarsa. Shawarar da ake ba waɗanda suka tsira ita ce su zauna kusa da jirgin, domin ya fi mutum saurin ganuwa daga sama, su kuma tanadi ruwa mai yawa tun kafin tashi.

A arewacin Tahoua akwai ƙarin damuwa. A Abalak aka sace wani ma'aikacin agaji Ba'amurke a Oktoban 2016, bai samu kansa ba sai Maris na 2023. A ranar 21 ga Maris na 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tillia, a ƙidayar gwamnati. Wanda ya sauka lafiya a dajin da ke can yana tsere da ƙishirwa, yana kuma tsere da wanda zai riga jami'an tsaro isowa. Bugu da ƙari, tun bayan rufe sararin samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumban 2023, duk jirgin da ya kauce wa hanyarsa yana jawo zargi, alhali kauce wa hanya shi ne abu na farko da matsala ke tilasta wa matuƙi.

Masu ceto na farko manoma ne

Idan jirgi ya sauka a gonakin Affala ko Barmou ko Takanamat, kafin motar asibiti ta taso daga Tahoua, makiyayi da mai noma da ɗan kabu-kabu sun isa. Abin da suka yi a rabin awa na farko shi ne zai raba rai da mutuwa, kuma abubuwan kaɗan ne.

Kada a kusanci farfela ko da ta tsaya, domin tana iya juyawa. Kada a kunna taba ko ashana, kada kuma a kawo jarka. Mun ga abin da ɗibar mai ya jawo a Yamai a Mayun 2019, inda tankar mai ta kashe fiye da mutum 50 kusa da filin jirgi, da kuma Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda fiye da 150 suka rasu. Idan jirgin feshi ne, ruwan da ke zuba guba ne. Wanda ya ji rauni a wuya ko baya kada a ja shi, sai idan wuta na tahowa, kuma a ɗauke shi a miƙe kai da jiki tare. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. A kira jandarmomi ko lamba 18 ta 'yan kwana-kwana, a sanar da mai gari, wanda ke da babbar waya ya tura alamar wurin ta WhatsApp kafin ya fara ɗaukar bidiyo. Kada a ɗauki ko ƙusa ɗaya, domin ƙaramin ƙarfen da yaro ya tafi da shi yana iya zama abin da zai bayyana dalilin haɗarin.

Abin da ya rage wa hukumomi

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Yamai makarantar EAMAC take, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen ASECNA, kuma akwai hukumar ANAC mai sa ido kan harkar jirage. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin aljihu ba: rahoton yanayi na ƙananan filaye da ke isa ga matuƙi a kan lokaci, binciken na'urorin ELT da gaske, atisayen nema da ceto da ya haɗa sojoji da asibitin jiha da masu gari, da 'yan mintoci a gidajen rediyon karkara ana bayanin abin da za a yi da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Cibiyoyin kula da jirage na Yamai da Kano su ma dole su ci gaba da ɗaga wa juna waya, ko da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, domin jirgin da ke neman wurin sauka tsakanin Ƙonni da Illela ba ya duba iyaka.

Sai fitar da rahoto. Ƙa'idar ICAO ta ce manufar binciken haɗari ita ce hana aukuwar wani, kuma ana sa ran rahoton farko cikin kwana 30. Abin da muka sani game da jirgin Suntai da na Sala da na Chilima, mun san shi ne saboda an wallafa. Rahoton da aka kulle a durowa ba ya koya wa matuƙin gobe komai.

Ajali idan ya zo babu makawa, wannan kowa ya yarda. Amma duba batir, da auna kaya, da haƙura da tafiyar magariba, da koya wa ƙauye lambar da za a kira, duk aikin mutum ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.